Bayan An Karɓi Kwali: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ci Gaba da Karatu da Ginuwar Ruhaniya ga Masu Hidimar Ikkilisiya

Tambayoyin nan su ne suke yawan dawowa a tarukan ƙara wa juna sani na fastoci, masu bishara, katikis, dattawa da shugabannin Zumuntar Mata. Wasu a zauren taro ake yin su, wasu kuwa sai an tashi, mutum ya ja ka gefe ya rage murya. Na tattara su ne da ikkilisiyoyin da ke sujada da Hausa a zuciyata, na arewacin Nijeriya da na kudancin Nijar. Ƙa'idodi sun bambanta daga ɗarika zuwa ɗarika, saboda haka duk inda maganar ta taɓo izini ko kuɗi, ofishin ikkilisiyarka ne mai maganar ƙarshe.

Me ake nufi da ci gaba da karatu, me kuma ake nufi da ginuwar ruhaniya?

Ci gaba da karatu shi ne duk wani koyo da mai hidima yake yi bayan an riga an ɗora masa aiki: kwas na mako guda, karatun TEE (karatun tauhidi da ake yi daga gida), komawa makaranta neman difiloma ko digiri, ko littafin da ya ɗauka da niyyar sai ya kai ƙarshensa. Ginuwar ruhaniya ta shafi shi kansa mutumin. Yaya addu'arsa take in ba kowa a wurin, yaya yake da fushi, da kuɗi, da matarsa, da dattijon da ya saba ja masa a taron majalisa?

Ezra 7:10 ya jera su yadda ya kamata: Ezra ya sa zuciyarsa ga nazarin shari'ar Ubangiji, ya aikata ta, sa'an nan ya koyar da ita. Ta tsakiyar nan ce muke yawan tsallakewa. A Katolika, takardar da Paparoma John Paul na Biyu ya fitar a 1992 kan horar da firistoci ta raba abin gida huɗu: ɗabi'ar mutum, ruhaniyarsa, iliminsa, da aikin kiwonsa, ta kuma ce horon ba ya ƙarewa ranar naɗi. Ko kai ba Katolika ba ne, rabon nan yana da amfani wajen auna kai.

Na gama makarantar Baibul, an ba ni lasisi, har an naɗa ni. Me ya rage kuma?

Abin da ya rage shi ne shekaru talatin ko fiye na tsayawa gaban mutane kowace Lahadi. Shekaru uku ko huɗu na makaranta guzuri ne, kuma guzuri yana ƙarewa. Alamar ƙarewarsa a bayyane take: misalan wa'azi sukan koma guda biyar ɗin nan da kowa ya haddace, a riƙa zagaya littattafai uku ko huɗu na Sabon Alkawari, Littafin Firistoci da ƙananan annabawa kuwa sai su shekara goma ba a buɗe su a bagade ba. Canjin wurin aiki yakan rufa asiri, domin mutum ya kwashi tsofaffin takardun wa'azinsa ya kai sabuwar ikkilisiya. Jama'a ba za su gane ba. Shi dai ya san rijiyar ta fara ƙafewa.

Bulus yana kurkuku, yana ganin ƙarshensa ya gabato, duk da haka a 2 Timoti 4:13 ya roƙi Timoti ya taho masa da alkyabbar da ya bari a Taruwasa, da littattafai, musamman fatun nan masu rubutu. Mutumin da ya rubuta wa Romawa wasiƙa ke nan yake aika a kawo masa abin karantawa.

Amma ba Ruhu Mai Tsarki ne yake koyarwa ba? Mun ga waɗanda suka tafi karatu suka dawo wutarsu ta mutu.

Mun gani, kuma bai kamata a yi wa mai wannan tambaya dariya ba. Akwai waɗanda suka tafi suna kuka a addu'a, suka dawo suna gardamar kalmomin Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi. Sai dai in ka bincika, yawanci ba littafi ne ya kashe wutar ba. Mutumin ya daina addu'a ne a lokacin da jarrabawa ta matso, ya daina ziyara domin ba shi da garke a makaranta, ya fara karanta Nassi don maki kawai. Shi ya sa amsar da ke ƙasa kan shirin wa'azi da ibadar kai ta fi wannan muhimmanci.

Dubi Afolos a Ayyukan Manzanni 18. Mai himma ne a ruhu, gwanin magana, ya san Nassi, amma baftismar Yahaya kaɗai ya sani. Bilkisu da Akila, masu ɗinkin alfarwa, suka ja shi gefe suka ƙara fayyace masa hanyar Allah. Ruhu ne ya koya masa, ta bakin mace da mijinta. Luka ma da ya tashi rubuta bishararsa ya ce sai da ya bi diddigin kome tun daga farko.

Wannan maganar ta fastoci ce kawai, ko har da mu dattawa da shugabannin ƙungiyoyi?

A ganina ku kuka fi bukata, kuma ku aka fi mantawa. A ƙauyuka da yawa rabaran ɗaya ne ke zagaya majami'u biyar ko shida. Yakan zo ne ranar jibin Ubangiji, ko baftisma, ko ɗaurin aure. Sauran Lahadin, wa ke hawa bagade? Dattijo, ko mai bishara, ko katikis. Wa ke zuwa gidan da aka yi rasuwa da tsakar dare? Shugabar Zumuntar Mata da mutanenta. Wa ke sa wa yara tubalin farko na bangaskiya? Malamin makarantar Lahadi, wanda sau da yawa an miƙa masa aji ne kawai domin ya iya karatu.

Afisawa 4:11-12 ta ce an ba da makiyaya da masu koyarwa domin su shirya tsarkaka su yi aikin hidima. Ke nan horar da dattawa yana cikin ainihin aikin fasto. Shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa da ya taso a farkon shekarun 1960 ya bazu ne domin ya ɗauki talakawan masu bi da muhimmanci, ya koya musu addu'a a ƙananan ƙungiyoyi da yadda za su ba da shaida. Katolika kuma sun daɗe da cibiyoyin horar da katikis, irin ta Malumfashi a jihar Katsina. Fasto mai tsoron kada dattijonsa ya fi shi sani ya tuna cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Waɗanne makarantu ne ake zuwa ƙaro karatu a yankinmu?

Kusan kowace ɗarika tana da nata. Ikkilisiyoyin da ke cikin tarayyar TEKAN sun haɗu a kan kwalejin tauhidi ta TCNN da ke Bukuru kusa da Jos, wadda ta fara karatu a 1959. ECWA tana da makarantar tauhidi ta JETS a Jos tun 1980, da ta Kagoro, da ta Igbaja a jihar Kwara, ban da ƙananan makarantun Baibul masu koyarwa da Hausa. COCIN tana da kwalejin tauhidi a Gindiri. EYN tana da Kulp a Kwarhi kusa da Mubi, mai ɗauke da sunan Stover Kulp da ya fara aiki a Garkida a 1923. LCCN tana da Bronnum a Mbamba kusa da Yola. Angilikan suna da St. Francis a Wusasa, Baftis suna da tasu a Kaduna, Katolika kuma suna da St. Augustine a Jos da Good Shepherd a Kaduna. A Nijar, makarantar Baibul ta Tsibiri kusa da Maraɗi ta horar da masu bishara da yawa tun zamanin 'yan mishan na SIM.

Da yawa cikin waɗannan suna da karatun hutu, inda mai hidima zai zo na 'yan makonni a shekara ya koma bakin aikinsa. Kafin ka cika fom ko'ina, karanta amsar da ke kan gane makarantar kirki.

Ba zan iya barin ikkilisiya da gona da iyali in tafi makaranta ba. Akwai wata hanya?

Akwai, kuma domin irinka aka ƙirƙiro ta. Sunanta TEE, wato karatun tauhidi da ke zuwa ya same ka a gida. An fara shi a 1963 a ƙasar Guatemala, lokacin da malaman wata makarantar Firesbiteriya suka lura cewa mutanen da ke riƙe da ikkilisiyoyin karkara magidanta ne masu gonaki, ba za su taɓa iya ƙaura zuwa birni su zauna a aji ba. Sai suka kai musu makarantar. Daga can tsarin ya bazu zuwa Afirka, kuma ikkilisiyoyi irin su EYN da COCIN suna da sashensa.

Ƙafafunsa uku ne, kamar murhu. Ka yi nazari kai kaɗai a gida kowace rana da littafin da aka tsara da tambayoyi. Ku haɗu sau ɗaya a mako da jagora ku tattauna. Sa'an nan ka yi aiki da abin da ka koya a cikin makon nan, a majami'arka. In an cire dutse ɗaya tukunya ba ta zama. Na sha ganin ajin da ya koma cika gurbi a littafi da daddare kafin ranar haɗuwa, jagora kuma ya mai da zaman wa'azi, shi kaɗai yake magana. Ajin da ke tafiya daidai, za ka ji manomi yana cewa, "Abin nan da muka karanta kan gafara, na gwada shi a rikicin iyakar gona, ga yadda ta kaya." Ku tsara lokacin haɗuwa da damina a zuci. Ajin da aka sa da safe a watan Yuli ba ya kai kaka.

Turancina ba shi da ƙarfi. Karatu da Hausa yana da daraja kuwa?

Yana da ita, kuma ina so in daɗe a kan wannan domin ciwo ne da ba a cika faɗa ba. An kai matsayin da wanda ya yi makarantar Baibul ta Hausa yake jin kansa ƙarami a taron fastoci, ya zauna a baya, ya yi shiru. Alhali shi ne yake wa'azi da harshen da jama'a suke mafarki da shi. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932, bayan wahalar shekaru ta mutane irin su Likita Walter Miller na Wusasa da abokan aikinsa Hausawa, kuma a kansa da littafin waƙoƙi aka gina ikkilisiyoyin da muke ciki yau. Tsofaffin masu bisharar da suka bi ƙauyuka da ƙafa da keke ba su da digiri, amma sun san Nassi kamar tafin hannunsu.

Matsalar gaske ita ce ƙarancin littattafai. Duk da haka akwai abin farawa. Sharhin Littafi Mai Tsarki da malaman Afirka suka rubuta, wanda ya fito da Turanci a 2006, an fassara shi da Hausa. Kantin littattafai na ACTS da ke Bukuru da shagunan Challenge wurare ne da za a tambaya. Wata dabara mai sauƙi: ka ajiye fassarar Hausa iri biyu, ka karanta aya ɗaya a kowacce. Inda suka saɓa, nan ne akwai abin tono.

Ga masu digiri kuma: abin da ba ka iya faɗa da Hausar da tsohuwa za ta gane ba, ba ka gama fahimtarsa ba tukuna. Akwai ƙarin bayani a amsar da ke kan dawowa daga karatu.

Yaya zan gane makarantar kirki daga masu sayar da kwali?

Yi tambaya uku. Ɗarikarka ta amince da takardar wurin? Wannan ita ce ta farko, domin akwai waɗanda suka sayar da amfanin gona suka yi shekaru suna karatu, suka dawo majalisa ta ce ba ta san makarantar ba. Ta biyu, wa ya tantance su? A Afirka akwai ACTEA, ƙungiyar da ke tantance makarantun tauhidi, wadda aka kafa a 1976 daga hangen Byang Kato, malamin tauhidi ɗan Kwoi da ya rasu a Mombasa a Disamba 1975. In kuma kana son takardar ta yi maka aiki a gwamnati ko jami'a, sai ka binciki ko makarantar tana da alaƙa da jami'ar da NUC, hukumar kula da jami'o'in Nijeriya, ta sani, kamar yadda TCNN take da Jami'ar Jos. Ta uku, je ka gani da idonka: akwai ɗakin karatu, akwai malamai mazauna, ana faɗuwa jarrabawa?

Wanda ya ce ka kawo kuɗi a ba ka "Dakta" bayan taron kwana uku a otal, hula yake sayar maka. Abin yana ba ni baƙin ciki, domin waɗanda ake cuta yawanci bayin Allah ne da suka gaji da raini, suna neman a ga girmansu.

Wa ya kamata ya biya kuɗin karatun?

Wanda zai ci amfanin, wato ikkilisiya, tare da gudummawar shi mai karatun. Majalisar da take iya ware kuɗin tayil da janareto da rufin ɗaki tana iya sa layi ɗaya a kasafin shekara domin littattafai da kwasa-kwasan ma'aikatanta. Ko baiko na musamman sau ɗaya a shekara ya isa a fara. Ƙananan majami'u su haɗa kai a matakin gunduma su sayi akwatin littattafai guda ya riƙa zagayawa.

A rubuta yarjejeniya tun kafin tafiya: albashi zai ci gaba ko za a rage, iyali za su zauna a gidan fasto ko za su tashi, shekara nawa zai yi wa ikkilisiya aiki in ya dawo. Zumunci da yawa ya lalace saboda an bar waɗannan a baki. Shi kuma wanda aka ɗauki nauyinsa, kada ya karɓi kwali ya zarce birni. Zakkar gwauraye ce ta biya masa.

Ina buɗe Littafi Mai Tsarki kullum domin shirya wa'azi. Wannan bai isa ibadata ba?

Bai isa ba, kuma wannan ce tambayar da ta fi kowace nauyi a nan. Mai dafa wa jama'a abinci yana iya kwana da yunwa, hannunsa yana cikin tukunya tun safe. In kana karanta aya zuciyarka tana cewa, "Wannan ta dace da wane," to aiki kake yi. Aiki ne mai kyau, amma ranka bai ci kome ba. Ni kaina na yi wani lokaci mai tsawo ina wa'azi sau uku a mako, ina addu'a a kowane taro, sai wata rana na lura ban tuna ranar ƙarshe da na yi magana da Allah ba tare da wani yana saurare ba. Ba wanda ya gane. Wannan ne ya fi tsorata ni.

Abin da ya taimake ni ba sabon abu ba ne. Ka keɓe lokaci da asuba kafin a fara sallama a ƙofa, kamar yadda Markus 1:35 ya nuna Yesu yana yi. Ka zaɓi littafin da ba ka wa'azi a kansa a wannan watan, ka karanta kaɗan, a hankali, ko da murya. Zabura guda a rana tana koya wa mutum faɗa wa Allah gaskiya, har da fushi da tsoro. Kada ka riƙe biro domin tsara kan magana. In ka rubuta wani abu, ya zama abin da ayar ta tona a cikinka. Da dare kuma ka waiwayi yinin: ina na yi wa wani kaushi, ina na ƙara gishiri a magana, wa zan nemi gafararsa gobe? A 1 Timoti 4:16 Bulus ya ce wa Timoti ya kula da kansa da kuma koyarwarsa, kuma kansa ya fara ambata.

Azumi ma yana ciki, irin wanda ba a sanar a bagade.

Mene ne amfanin keɓewa domin addu'a, kuma yaya ake yinta?

A Markus 6:31 masu zuwa da tafiya sun yi yawa har almajirai ba su sami damar cin abinci ba, sai Yesu ya ce su zo wurin da ba kowa su ɗan huta. Dokar ikkilisiyar Katolika ta wajabta wa firistoci irin wannan keɓewa, ta kuma ce su ci gaba da nazari bayan naɗi. A wajenmu 'yan Furotesta akwai tarukan fastoci, amma mu faɗi gaskiya, da yawansu taron majalisa ne da aka canja wa suna: rahoton kuɗi, maganar canjin wurin aiki, masu jawabi shida a rana. Mutum ya koma gida ya fi yadda ya zo gajiya.

Keɓewa ta gaske tana bukatar shiru, da barci, da waya a kashe. Iliya da ya gudu jeji yana roƙon mutuwa, abin da aka fara ba shi abinci ne da barci, magana ta biyo baya. Masu hali sukan je wurare irin Miango kusa da Jos. Wanda ba shi da hali, yini guda a wata a majami'ar wani ƙauye inda ba a san shi ba ya wadatar, in dattawa sun san inda yake kuma hanyar tana da lafiya.

Kowa yana kawo mini damuwarsa. Ni wa zan kai wa tawa?

Ka nemi mutum ɗaya, wanda ya girme ka a hidima, mai riƙe asiri, wanda kuma ba shi da hannu a maganar ƙarin girmanka ko canja maka wurin aiki. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya sa fastocin da suka yi ritaya suka fi dacewa, da tsohuwar zuma ake magani. Ku sa rana, ko sau ɗaya a wata, kada ku bar shi sai an haɗu. Ka ba shi izinin yi maka tambayoyin da ba wanda zai iya yi maka: kuɗin baiko, matan da kake yi wa shawara kai kaɗai a ofis, abin da kake kallo a waya da dare. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma tsagar takan fara ne a inda ba mai dubawa. Musa ma sai da surukinsa Yetro ya ce masa abin da yake yi ba shi da kyau, zai gajiyar da kansa da jama'a.

Mata masu shugabanci su nemi uwa a cikin bangaskiya, kamar yadda Titus 2 ya tsara.

Ina matsayin matar fasto a cikin duk wannan?

Ana kiranta Mama, ana sa ran ta jagoranci mata, ta sauki baƙi, ta sasanta ma'aurata, ba albashi, sau da yawa ba horo. Makarantun Baibul da yawa suna da sashen mata, kuma duk wanda zai tafi karatu ya yi ƙoƙari su tafi tare. In miji ya yi ta hawa ita tana nan inda take, rata takan buɗe a cikin gida, har hira ta gagara. Ikkilisiya ta sa sunanta a kasafin da aka ambata a amsar biyan kuɗi. A kuma tambaye ta abin da take so ta koya, kada a yanke mata.

Waɗanne darussa ne aikin yau yake nema waɗanda makaranta ba ta ba mu ba?

Na farko, kula da masu raunin zuciya. Wanda aka horar shekaru ashirin da suka wuce ba a shirya shi domin ikkilisiyar da rabinta 'yan gudun hijira ne ba, ko matar da aka karɓo daga hannun masu garkuwa, ko yaron da ya ga an kashe mahaifinsa. A Oktoba 2014 Boko Haram ta mamaye hedikwatar EYN da makarantar Kulp a Kwarhi, fastoci da yawa suka zama 'yan gudun hijira tare da garkensu. Daga cikin wannan wahala EYN ta ɗauki tarukan warkar da raunin zuciya da muhimmanci. A irin horon nan ake koyon sauraro ba tare da gaggawar jefa aya ba, da barin mutum ya yi makoki, da gane lokacin da ya kamata a kai shi asibiti. "Ka yi haƙuri, ka gafarta" gaskiya ce, amma in ta zo da wuri takan zama ƙarin kaya. Shi mai hidimar ma yana ɗauke da nasa raunin, shi ya sa amsar da ta gabata kan wanda za ka kai wa damuwa ta shafe shi.

Na biyu, riƙon kuɗi: rubuta shiga da fita, mutum biyu su ƙirga baiko, rasit ga kowane abu. Ma'aji da sakatare su shiga wannan horon tare da fasto. Na uku, zama da maƙwabta Musulmi. Muna cin kasuwa ɗaya, wani lokaci gida ɗaya muka fito, amma da yawa abin da suka sani game da Musulunci jita-jita ce. Ƙungiyar PROCMURA, wadda tushenta ya koma 1959, ta daɗe tana horar da Kirista a kan ba da shaida cikin aminci da mutunta juna.

Wa'azin YouTube da ƙungiyoyin WhatsApp za su iya zama makarantata?

Za su iya taimakawa. Akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa a waya, har da na sauraro, abin alheri ga dattijon da idonsa ya raunana. Fastocin gunduma ɗaya suna iya amfani da WhatsApp su tattauna nassin Lahadi mai zuwa. Amma waya ba ta san ka ba, ba za ta ce maka ka yi kuskure ba, kuma abin da ya fi yawo a cikinta shi ne wanda ya fi daɗin ji: annabcin arziki, da shuka iri domin a sami mota. Kwafe wa'azin wani daga Legas ko Amurka ka karanta wa manoman da ƙwari suka cinye wa gero rashin adalci ne gare su. Ka yi irin na mutanen Biriya, ka auna duk abin da ka ji da Nassi.

Na dawo daga karatu, amma jama'a sun ce wa'azina ya yi musu nisa, dattawa kuma suna ɗari-ɗari da ni. Me zan yi?

Ka fara da ziyara. Wata uku na farko kada ka canja tsarin sujada, kada ka rushe kwamiti, kada ka ce "a makaranta an koya mana." Ka zauna a tabarmar dattawa ka tambaye su abin da ya faru bayan tafiyarka. Su suka riƙe garken, mai ɗaki kuma shi ya san inda yake masa yoyo.

Game da wa'azi, Helenanci da Ibrananci na ɗakin nazari ne, kamar itacen girki: ana cin tuwo ba a kawo itacen kan faranti. Ran Asabar ka gwada faɗa wa matarka ko wani yaro saƙon gobe a jimla biyu da Hausa zalla. In ya gagara, koma ka sake zama. Sa'an nan ka cika 2 Timoti 2:2: ka zaɓi mutum huɗu ko biyar, maza da mata, ku riƙa zama kowane mako kana ba su abin da ka samo, da tsarin da aka bayyana a amsar TEE. Ikkilisiyar da ta ga karatunka ya sauko cikinta ba za ta yi jayayya ba ran da wani ya nemi izinin tafiya.

Shekaruna sun haura sittin, ritaya ta kusa. Ba a makara ba?

Gemu ba ya hana ilimi, Baba. Wataƙila digiri ba shi ne abin nema yanzu ba, amma akwai littattafan Nassi da ba ka taɓa zama a kansu a natse ba, kuma yanzu ne lokacin. Akwai kuma shirin da ba a cika yi ba: koyon zama a benci bayan shekaru a bagade, da barin sabon fasto ya yi aikinsa ko da ba yadda ka saba ba. Wannan ma ginuwar ruhaniya ce, kuma tana da wuya. Gara a fara ta tun shekaru biyu ko uku kafin ranar sallama.

Muna kuma roƙon abu biyu a wurinka. Ka karɓi matashin fasto ɗaya ko biyu su riƙa zuwa gidanka, kamar yadda aka bayyana a sama. Ka kuma sa wani jikanka ya ɗauki muryarka a waya kana ba da labarin yadda bishara ta shigo garinku: wa ya fara kawo ta, a gindin wace bishiya aka fara sujada, su wa aka fara yi wa baftisma, a wane rafi. A ba sakataren ikkilisiya kwafi guda, a kai wani makarantar Baibul mafi kusa.